Lambobin Corvette ta 1967: Yadda Ake Titsiye Tsohuwar Mota Ta Faɗi Asalinta

A watan Janairun 2014, a wani gwanjo da kamfanin Barrett-Jackson ya yi a garin Scottsdale na jihar Arizona a Amurka, an sallama wata jar Chevrolet Corvette ƙirar 1967 a kan dala miliyan 3.85. Lokacin da irin wannan mota take sabuwa dal a gaban dila, kuɗinta na farko, kafin a ƙara mata komai, bai cika dala 4,400 ba. A shekarar ƙirar 1967 an ƙera Corvette 22,940, kuma da za a ajiye jar motar nan a tsakiyar 'yan uwanta masu babban inji, ko bakaniken da ya yi furfura a sana'ar sai ya ɗaga bonet kafin ya ce ga ta. Abin da ya kai ta wannan farashi shi ne an iya tabbatar da cewa tana cikin guda 20 kacal da suka baro masana'anta a shekarar ɗauke da injin tsere mai suna L88. To ta yaya ake tabbatar da irin wannan magana a kan motar da ta yi kusan shekara hamsin tana yawo hannu zuwa hannu?

Mu a nan, duba lambar shasi da lambar inji ba baƙon abu ba ne. Duk wanda ya taɓa sayen motar Kwatano ya san sai an sunkuya an goge maiƙo an karanta lamba, an gwada ta da takarda, don kada a kwana a ofishin 'yan sanda ko kwastan su ƙwace mota a hanya. Amma a nan damuwarmu take tsayawa. In inji ya gaji, sai a sauke a ɗora na Beljiyam, mai mota ma ya riƙa tallarta da cewa bai daɗe da sa mata inji ba, kuɗinta ya ƙaru. Wurin masu tara tsofaffin motocin ƙwalisa abin a juye yake. Gajiyayyen injin da mota ta fito da shi daga masana'anta ya fi musu lafiyayyen da aka ɗora daga baya, kuma bambancin yakan kai kuɗin gida sukutum. Inda kuwa kuɗi irin wannan ya rataya a kan 'yan haruffa, dole a sami masu ƙirƙirar haruffan.

A Corvette ta 1963 zuwa 1967, lambar shaidar mota tana kan wani ɗan falle na ƙarfe da ke maƙale a jikin sandar ƙarfen da ta gitta ƙarƙashin aljihun dashbod, gefen fasinja. Sai mutum ya durƙusa da tocila zai gan shi. Bari in ƙirƙiro lamba don misali: 194377S113456. Lamba 1 ta farko tana nufin Chevrolet, 9 tana nufin Corvette, 4 tana nufin inji mai silinda takwas. Sai 37, wato mota mai rufi tsayayye. Da mai rufin tamfol ce da ake naɗewa, da 67 za a gani. Lamba 7 da ke biye ita ce shekarar ƙira, 1967. Harafin S yana nufin masana'antar St. Louis da ke jihar Missouri, inda aka haɗa dukkan Corvette na wannan zamani. Shida na ƙarshe kuwa lambar layi ce, kuma ƙidayar ta fara ne daga 100001, saboda haka motarmu ita ce ta 13,456 da ta sauko a shekarar. Ta ƙarshe a 1967 ita ce 122940. Duk wanda ya nuna maka Corvette ta 1967 mai lambar da ta haura wannan, ka yi masa sallama tun kafin ya gama bayani.

Tsarin bai zauna wuri ɗaya ba. A 1953, shekarar farko, an ƙera guda 300 ne a garin Flint na jihar Michigan, dukkansu farare masu jan ciki, kuma lambarsu tana farawa da E53F. A 1963 da 1964 shekara ce take zuwa farko, shi ya sa mai rufi ta 1963, wadda gilashinta na baya ya rabu biyu, take farawa da 30837S. Daga 1965 aka koma tsarin da na warware a sama. Har yadda ake maƙala fallen ya canza: a 1963 da 1964 ɗigon walda ake yi masa, daga 1965 aka koma ƙusar ribit, daga bisani ma ribit mai kai kamar fure wanda ba a samunsa a kowane shagon kayan gyara. A 1968 fallen ya tashi daga ƙarƙashin dashbod ya koma jikin ginshiƙin gilashin gaba, inda ɗan sanda zai iya karantawa ba tare da buɗe ƙofa ba. Mai duba mota yakan fara kallon kan ribit kafin lambar kanta, domin fallen da aka taɓa cirewa aka mayar yana tayar da tambayar da ta fi ta inji nauyi. Taɓa wannan falle laifi ne a dokar tarayyar Amurka.

Wani abin da ke rikita sabon shiga shi ne shekarar ƙira ba ita ce shekarar kalanda ba. An fara haɗa motocin 1967 tun a ƙarshen daminarmu ta 1966, aka gama a watan Yulin 1967. Saboda haka a ga wani ƙarfe mai kwanan watan Oktoban 1966 a jikin motar 1967 ba laifi ba ne, in dai motar ta farkon layi ce. Masu bin diddigi sun daɗe da tattara jadawalin lambar da aka kai a ƙarshen kowane wata, kuma bisa wannan jadawali motarmu ta 13,456 ta faɗa cikin watan Maris na 1967. A riƙe wannan wata da kyau, domin duk sauran binciken a kansa yake tsaye.

Yanzu ga gurbin da ya haifar da duk rigimar. A sake karanta lambar nan daga farko har ƙarshe: babu inda ta faɗi wane inji ne a cikin motar. Ta ce silinda takwas ne, shi ke nan, alhali duk Corvette ta lokacin silinda takwas gare ta. A 1967 mai saye yana da zaɓi tun daga ƙaramin inji 327 mai ƙarfin doki 300 ko 350, har zuwa babban inji 427 mai 390 ko 400 ko 435, sannan ga L88 can a ɓoye a ƙasan takardar oda. Mai 435 ɗin, wanda ake kira L71, yana da kafireta uku a jere, ƙarin kuɗinsa dala 437.10 ne, kuma mutum 3,754 suka saye shi. L88 kuwa ƙarin dala 947.90 ne, ga shi kamfanin ya rubuta masa ƙarfin doki 430, ƙasa da na L71 da biyar, duk da cewa a zahiri ya fi shi nesa ba kusa ba. Da gangan aka yi, don mai neman burge 'yan unguwa ya ga lamba mafi girma a farashi mafi sauƙi ya bi can, ya bar wa masu tsere kayansu. Motar L88 ta 1967 ba ta da rediyo, ba ta da hita, tana buƙatar fetur na musamman mai ƙarfin 103, kuma in ta shiga cunkoso zafi take ɗauka. Duk wannan bambanci, fallen da ke ƙarƙashin dashbod bai san da shi ba. Mota mai ƙaramin inji da mai L88 suna iya saukowa daga layi ɗaya na bin ɗaya, lambarsu ta bambanta da ɗaya tak.

Sai a 1972 kamfanin ya sa harafin inji a cikin lambar: K na injin 350 na gama-gari, L na injin 350 mai ƙarin ƙarfi da ake kira LT1, W na babban inji 454. Daga 1981 kuma hukumar kula da lafiyar hanya ta Amurka ta wajabta lamba mai gurbi 17 ga kowace mota, irin wadda muke gani yau a gindin gilashin kowace Camry da Corolla. A wannan tsari ba a amfani da haruffan I da O da Q, don kada a rikita su da ɗaya da sifili. Gurbin farko ƙasa ce: 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, J Japan, W Jamus. Shi ya sa Camry mai farawa da 4T1 haifaffiyar Amurka ce, mai JT kuwa daga Japan ta fito, komai dillali zai rantse. Gurbi na 10 shekara ce, B ita ce 1981, Y 2000, sai 1 zuwa 9 na 2001 zuwa 2009, sannan A ta dawo a 2010. Gurbi na 9 shi ne mai wayo: ana mayar da kowane harafi lamba, a ninka kowace da wani adadi da aka ƙayyade wa gurbinta, a tara, a raba da 11, abin da ya saura shi ake rubutawa, in 10 ya saura a sa X. Wanda ya sauya lamba ɗaya da ka, lissafin zai tona shi. Wannan lamba mai gurbi 17 ce kwastan ta Najeriya ta fara ƙiyasta harajin motocin da ake shigowa da su da ita a 2022, har masu fiton kaya a tashoshin Legas suka yi bore. Corvette ta 1967 ba ta da irin wannan garkuwa. Wanda yake son sanin gaskiyarta sai ya bar fallen ya nufi inji.

A gaban injin, gefen fasinja, daidai inda kan silinda ya ƙare, akwai wani ɗan fili shimfiɗaɗɗe a jikin bulok, wato gangar jikin injin, faɗinsa bai wuce yatsu biyu ba. A kansa ake buga lambobi kashi biyu, a gari biyu daban, a rana biyu daban. Kashin farko masana'antar inji ce take bugawa ranar da ta gama haɗa shi. A misalinmu, a ce an ga T0220JE. T tana nufin Tonawanda a jihar New York, inda ake haɗa manyan injina. Ƙananan kuwa a Flint ake haɗa su, harafinsu F ne har 1966, ya koma V a 1967. Sai 0220, wato 20 ga Fabrairu. Haruffa biyun ƙarshe su ne zuciyar maganar, domin su ke faɗin wane irin inji ne da kuma irin giyar da za a haɗa shi da ita. A 1967, JE shi ne mai 435, IL mai 390, HT ƙaramin inji mai 350, HE mai 300 da giyar hannu, IT kuwa shi ne L88. Kashi na biyu a St. Louis ake buga shi ranar da aka ɗora injin a kan shasi: lambar shekara da shida na ƙarshen lambar motar, wato 7113456. Wannan ne igiyar auren inji da mota. Irin wannan guntuwar lamba ana buga ta a jikin akwatin giya, ana kuma buga ta a saman shasi gefen direba, wurin da sai da madubi ko an ɗaga bodi ake ganinta.

Akwai lamba iri ta biyu a jikin bulok, kuma ya kamata a bambance su. Wadda aka buga da hatimi lotsawa take yi cikin ƙarfe. Wadda aka zuba tare da narkakken ƙarfe a maƙera kuwa tasowa take yi sama, ana jin ta da yatsa. A bayan bulok, kusa da inda giya take haɗuwa da inji, akwai lambar zubi mai gurbi bakwai: 3892657 ga ƙaramin injin 1967, 3904351 ga akasarin manyan. Sannan akwai ranar zubi, harafi na wata, sai rana, sai lambar shekara. A25 7 na nufin 25 ga Janairun 1967. Lambar zubi tana da wuyar sauyawa, amma ba ta cika shaida ba, domin bulok iri ɗaya ake sa wa Corvette da sauran motocin Chevrolet na gida irin su Impala. Ta dai nuna dangi, ba ta nuna ɗan wane ne ba.

Abin da ke sa waɗannan lambobi su zama hujja shi ne jerin lokaci. Dole a zuba bulok kafin a haɗa inji, dole a haɗa inji kafin a ɗora shi a mota. A misalinmu an zuba a 25 ga Janairu, an haɗa a 20 ga Fabrairu, mota ta fito a Maris: magana ta yi ma'ana. In kuwa aka ga bulok mai ranar zubi ta Mayu a cikin motar Maris, to ɗa ya girmi ubansa, kuma ba a bukatar wani dogon bayani. Haka ake bin sauran kayan ɗaya bayan ɗaya, kan silinda, kafireta, altaneta, lagireto, giya, aksul na baya, har gilashi, domin kusan kowanne yana da kwanan watansa. Ƙungiyar masu gyaran tsofaffin Corvette da ake kira NCRS, wadda aka kafa a 1974, takan amince da kayan da kwanan watansa bai wuce wata shida kafin ranar fitowar mota ba. A aikace yawancin tazarar makonni ce, don masana'anta ba ta tara kaya su daɗe.

Sai dai kowane mai kawo kaya da nasa salon rubuta wata, kuma a nan ne mai rabin sani yake yin ɓarna. A zubin bulok, A Janairu ce, a bi haruffa a jere har L ta Disamba. A altaneta ta Delco ana tsallake I, saboda haka Satumba J ce, Disamba kuma M. A akwatin giya mai huɗu na masana'antar Muncie, daga 1967, lambar tana farawa da P, sai shekara, sai wata, sai rana, amma jerin watannin nasu wani iri ne: A zuwa E na Janairu zuwa Mayu, sai H Yuni, K Yuli, M Agusta, P Satumba, R Oktoba, S Nuwamba, T Disamba. Harafin K ke nan yana nufin Nuwamba a bulok, Oktoba a altaneta, Yuli a giya, duk a cikin mota ɗaya. Ƙari a kan haka, masu buga hatimi a masana'antar inji sukan sa harafin I a madadin lamba 1. Wanda bai sani ba sai ya ga haka ya ce an yi maguɗi, alhali a wasu lokutan hakan alamar gaskiya ce.

Ga yadda mai algus yake yi. Ya sami Corvette mai ƙaramin inji wadda takardunta suka ɓace. Ya nemo bulok 427 na wata tsohuwar motar gida mai ranar zubi da ta dace da watan motarsa. Ya kai wa mai injin fiƙe ƙarfe a shafe ɗan filin nan har tsohon hatimi ya ɓace, ya buga T0220JE da lambar motarsa. Ya sayi bonet mai tudu a tsakiya irin na babban inji, ya ɗaura, ya liƙa tambarin 427. Duk waɗannan kaya ana sayar da sababbinsu a fili, har da hatimai masu kama da na masana'anta. Shi ya sa masu harkar suke da barkwancin cewa motoci masu 435 da ke raye a yau sun fi waɗanda St. Louis ta ƙera yawa.

Maganinsa yana cikin ƙarfen da ke ƙarƙashin haruffan. A masana'anta, wata babbar na'ura mai haƙora a jere ce take kankare saman bulok da ja ɗaya, ta bar wasu siraran layuka miƙaƙƙu daga gaba zuwa baya. Injin fiƙe na gareji kuwa juyawa yake yi, sai ya bar layuka masu lanƙwasa kamar sawun tsintsiya a tsakar gida. Saboda haka ƙwararre yakan goge wurin da sinadari, ba da takardar yashi ba, ya haska fitila ta gefe, ya ɗauki hoto mai ƙara girma. Masu algus ma sun koyi zana layukan ƙarya, to amma layin da ya shekara hamsin yana da tsatsa da ƙananan ramuka a cikinsa da sabo ba shi da su. Daga nan sai a koma kan haruffan. A masana'anta ana jera su ne a cikin mariƙi ɗaya a buga gaba ɗaya, saboda haka duk injinan da suka bi ta hannun ma'aikaci ɗaya a rana ɗaya suna ɗauke da tabo iri ɗaya: wata 7 mai karyayyen baki, wata 3 da ta ɗan karkace, gefe ɗaya ya fi nutsewa saboda yadda mutumin yake riƙe guduma. Akwai mutanen da suka kwashe shekaru suna tara hotunan waɗannan filaye dubbai, in an kawo musu mota sai su gwada ta da maƙwabtanta na layi. Abin dariyar shi ne hatimin da ya fito tsaf, kowane harafi a miƙe, shi ya fi tayar musu da hankali. Ma'aikacin St. Louis da motoci ke wucewa ta gabansa ba shi da lokacin tsantseni. Mai algus ne yake da yini guda na gwaji a kan guntun ƙarfe.

A nan nake ganin kalmar da 'yan kasuwar suke yawan faɗa, wai mota ce mai lambobi masu dacewa, ta zama tarko. Dacewar lamba da kasancewar inji na asali abu biyu ne. Hatimin da aka buga jiya ma ya dace. Mai saye mai hankali ba ya tambaya ko lambobi sun dace. Tambayarsa ita ce ko wannan shi ne injin da motar ta baro St. Louis da shi, kuma mai sayarwa zai sa hannu a kan haka. Yawancin masu zaƙin baki a nan muryarsu take sauka. Kuma akwai motoci na gaskiya da suka rasa hatiminsu ba da wata mugunta ba. Bakanike a 1975 ya fiƙe saman bulok don gasket ya zauna, ya tafi da lambar bai ko lura ba, don a lokacin tsohuwar mota ce kawai. Wasu kuma injinsu ya fashe tun suna cikin garanti, dila ya sa musu sabon bulok daga kamfani, irin waɗanda daga ƙarshen shekarun 1960 ake buga musu haruffan CE. Ga L88 abin ya fi tsanani, domin don tsere aka yi su, tsere kuwa cin inji yake yi. Motar da ta yi aikin da aka ƙera ta dominsa ita ce ta fi kusa da rasa shaidarta, wadda aka kulle a gareji ba ta taɓa yin komai ba ita ce mai cikakkun lambobi. Ban taɓa jin daɗin wannan hukunci na kasuwa ba, amma haka yake.

Kusa da fallen lambar mota akwai falle na biyu, na bodi. Shi ke faɗin ranar da aka gama gangar jikin, launin fenti, da irin kujeru. A 1967, 974 ja ne, 900 baƙi, 983 kore mai duhu, 976 wani shuɗi. Koren ne ya fi yawa a shekarar, mota 4,293, baƙi kuwa 815 kacal, abin da ya sa yau ake samun motocin da aka haifa kore suna yawo cikin baƙin fenti, wani lokaci har da sabon falle. A kan wannan falle kuma akwai wata 'yar shaida da nake so ƙwarai. Daga 1964 zuwa 1967 ba duk gangar jiki ake yi a St. Louis ba, wani kaso kamfanin A.O. Smith ne yake yi a garin Ionia na Michigan ya turo ta jirgin ƙasa. Lambar bodi mai farawa da S ta St. Louis ce, mai A ta A.O. Smith. Motocin da suka fito da salansar gefe, wadda take bi ta ƙarƙashin ƙofa, a kan bodin St. Louis ake yin su. In aka ga salansar gefe a mota mai A, to daga baya aka ɗaura, komai kyanta. Harafi ɗaya a wani falle da mai algus bai kula da shi ba ya ƙaryata kayan dubban daloli.

Da a ce kamfanin ya adana rajista, da duk wannan wahala ta ragu. Mai tsohuwar Jaguar yana iya neman takardar shaida daga ma'ajiyar tarihin kamfanin a Ingila. Porsche tana da katunan da ta rubuta lambar inji da giya na motocinta na da. Ferrari ta buɗe sashe na musamman a 2006 don tantance tsofaffin motocinta. Ford tana da bayanan motocinta tun daga 1967. Corvette da aka haɗa a Bowling Green ta jihar Kentucky, inda aka koma a 1981, ana samun takardar haɗinsu. Na St. Louis na shekarun 1960 kuwa babu cikakkiyar rajistar da ke nuna abin da aka sa wa kowace mota, sai waɗanda aka sayar a Kanada, domin reshen kamfanin na can ya riƙe nasa kundin. Abin da NCRS take iya bayarwa daga tsofaffin bayanan jigila shi ne ranar da mota ta fito da dilan da aka aika wa. Yana da amfani, yana tabbatar da watan da ake lissafi a kansa, amma bai ce komai a kan inji ba.

Saura takardu biyu da suka taho tare da motar kanta. Ta farko ba takarda ba ce ma, wani ɗan ƙarfe ne kamar katin banki da ake liƙawa a bayan littafin garanti tun daga 1965, suna kiransa Protect-O-Plate. An tona masa lambar mota, lambar haɗin inji, ta giya da ta aksul, a juye kamar hatimi, don dila ya danna shi a kan takarda duk lokacin da aka kawo gyara. In ya tsira, yana gaya maka hatimin da ya kamata ka gani a kan bulok. Ta biyun ita ce sarauniyar hujja. Daga 1967 ma'aikatan St. Louis sun riƙa shafa gam su manna kwafin takardar oda a saman tankin mai, don masu haɗa shasi su san abin da za su ɗaura. Takardar tana lissafa duk abin da aka yi oda, layi bayan layi, kuma in akwai L88 ko L71 a nan za a gan shi a rubuce. Ba don tarihi aka manna ta ba, da zarar an saukar da bodi a kan shasi aikinta ya ƙare, sai ta zauna a cikin duhu tsakanin tanki da bodi, tana shan tururin fetur da ƙura da laima.

Ita ma yanzu ana buga ta jabu, a jiƙa ta da shayi a shanya don ta yi kamar ta tsufa, har ta kai ana kai takardar kanta wurin masu tantancewa su duba irin takardar da bugun haruffan. Wanda ya ci sa'a tasa tana nan a inda aka manna ta, yakan ja robar da ke kewaye da bakin tanki gefe, ya zura tocila ko 'yar kyamara, ya hango gefen wata takarda mai launin ƙasa. Daga nan shawara ta rage gare shi. In ya sauke tanki zai karanta abin da ke rubuce, amma takardar tana iya marmashewa a hannunsa kamar busasshen ganye. Shi ya sa da yawa ba sa ɓamɓare ta. Sukan sauke tankin gaba ɗaya, su rufe takardar da roba mai haske a inda take, su sa wa mota sabon tanki, tsohon kuma su ajiye shi a ɗaki, su riƙa ɗaukarsa a bayan wata motar duk ranar da za a kai Corvette ɗin gaban alƙalan gasa ko filin gwanjo.